Shekarar da Jakuna Suka Daina Kuka

Mu biyar ne a ƙofar gida ran nan. Da ni, da babban ɗana wanda ba na kama sunansa, da matarsa tana leƙe daga soro, da ƙanin marigayi mijina mai sayar da tukwane, sai dillalin da ya zo a kan babur. Ta shida ita ce aura, jakar gidanmu, tana ɗaure a turke. Ita aka zo saye.

Shekarun nan ne da hatsi ya yi tsada har magidanta suka koma awo da gwangwani. Ana cikin haka masu sayen jakuna suka ɓullo. Ba don ɗaukar kaya suke saye ba, fatar suke so. Duk ranar kasuwar Ɗambatta sai an cika babbar mota da su an yi kudu. A garinmu kowa ya yi dabara iri ɗaya, ya sayar da namijin ya bar macen, wai ita ce mai haihuwa. Ba wanda ya tambayi maƙwabcinsa. Tun kakanni ba a ajiye jaki don barbara. In an gama girbi sakin su ake yi a gonaki su san yadda suka yi, shekara na zagayowa ka ga ɗa yana bin uwa. Ni na fara lura, don da kukan jaki nake tashi sallar asuba. Na wayi gari zakara kaɗai nake ji. Rani ya wuce, wani ya zo, ban ga duƙushi ko ɗaya a garin nan ba.

Wanda bai san ƙasarmu ba zai ce ai jaki ne kawai. Mu gonakinmu ba sa hutawa, gona na jikin gona, ba dajin da za a koma a sare. Abin da ke riƙe da su takin gida ne, kashin awaki da toka da sharar tsakar gida, a tara shekara guda, a kwashe a mangala a bayan jaki. Babbar gonarmu tana da nisa, hanyarta siririya ce tsakanin shinge da shinge, ko amalanke ba ta bi. In aura ta tafi, gonar nan rairayi za ta koma. Ga shi kuma ta fara tsufa, ba mai gadonta.

Tun kaka ɗana ya so sayar da ita. Ban ga laifinsa ba, shi ke leƙa rumbu, shi yara ke kallo. Amma jakar tawa ce, da awakina na saye ta. Na ce ya ba ni zuwa bazara, in ba ta da ciki ya sayar, ba zan ce uffan ba. Daga nan na ara wa ƙanin mijina ita ya riƙa kai tukwane Ɗambatta, da sharaɗin ya ɗaure ta kusa da masu kanwa da ke zuwa daga arewa, don su har yanzu da jakuna maza suke tafe.

"Matata, da tsufanki kika koma haɗa aure?" in ji shi.

Na ce masa ƙwarai, shi ne ma waliyyi. Bayan 'yan kasuwanni ya dawo yana ba da labarin an yi abin a gaban jama'a, har an fasa masa tukwane. To shi mutum ne da ba a gane wasansa da gaskiyarsa. Ita kuma jakar da ke cin kara da ƙaiƙayi kullum cikinta a kumbure yake, ba ka gane komai da ido.

Bazara ta yi, ba mu ma gama kai taki ba, sai ga dillali. Ya kira ni Hajiya, na ce ban je ba tukuna. Na zuba masa ido. Bai buɗe bakinta ya ga haƙori ba, bai ɗaga kofato ba, bayanta kawai yake shafawa yana neman tabo. Na tambaye shi ina ake kai fatun. Ya ce a kudu ake yankawa, a barbaɗe su da gishiri, a kai Legas, a zuba a jirgin ruwa har ƙasar Sin, can a dafa su su narke a yi magani. Na ce su ba su da jakuna ne?

"Da suna da su, Inna. Sun ƙare."

Da dariya ya faɗa. Ni ban yi ba.

Na ce kafin a kwance ta a bar ni in shayar da ita. Tun safe na hana ta ruwa da gangan. Na sa surukata ta ɗebo daga randar ɗakina, wadda ta fi kowace sanyi a gidan. Haka na ga mahaifina yana yi, ya ce in ruwan sanyi ya sauka, abin da ke ciki ba ya zama shiru. Aura ta sa baki ta shanye, ta ɗago tana ɗigar da ruwa. Muka tsaya muna kallon cikinta. Shiru. Dillali ya juya ya fara kwance igiya daga bayan babur ɗinsa. Ni kuwa na riga na ba da magana.

Sai can ƙasa, kusa da hantsa, wani abu ya turo fata ya koma, kamar an sa dunƙulen hannu a cikin buhu.

Dillali ya ce iska ce, jakunan rani duk haka suke. Ban yi musu da shi ba. Na kama hannun ɗana, ni da rabona da riƙe hannunsa tun yana rarrafe, na ɗora a wurin. Ya daɗe a sunkuye. Na ga kafaɗarsa ta zabura.

"Inna, da rai," ya ce. Ya miƙe ya dubi baƙon. "Alhaji, a yi haƙuri."

Mutumin ya ce shi da ciki da babu duk ɗaya ne, fata ba ta canzawa. Ɗana ya raka shi ya hau babur. Ƙanin mijina kuwa ya fara neman goron waliyyi da diyyar tukwanensa, na ce ya bi angon arewa ya karɓo. Surukata ta ƙyalƙyale a soro. Ni kuwa na zauna a kan turmi, na daɗe ban tashi ba.

Yunwar dai tana nan inda take. Da yamma na ce wa ɗana ya kama awakina ya kai kasuwa ya auno gero, su ko an sayar ba a rasa bunsuru a gari.

Washegari na cika mangala rabi kawai na ɗora wa aura, sauran takin na zuba a kwando na ɗauka a ka. A hanyar gona na tsaya a kowane gidan da na san da jaka a turke, na yi sallama, na faɗa wa matan gidan gefen kasuwar da masu kanwa ke ɗaure dabbobinsu.