Diddigen Umuro

Shekara goma sha tara ina dafa shayi a rumfar filin jirgin Dololo. Duk wanda zai ba ku labarin Umuro Isako in ba ni ba, ji ya yi, ni Sabdio kuwa a gabana aka yi.

In na ce filin jirgi, kada ranku ya tafi Nairobi. Namu shimfiɗar tsakuwa ce a bakin hamadar Calbi, an jera mata fararen duwatsu hagu da dama. Akwai rumfar kwano mai benci biyu, da tankin ruwa da ya fi yawan zama a bushe, da bayan gida ɗaya da iska ta tafi da ƙofarsa, sai wani dogon ƙarfe da aka rataya wa jakar iska, wadda matuƙi ke kallo ya san inda iska ta dosa. An taɓa fara mana shinge aka tsaya a rabi, wayar kuma yanzu tana kewaye da awakin wasu mutane da ba zan kama suna ba. Jirgin likitoci na zuwa ran Talata, na masu rabon abinci in fari ya tsananta, na 'yan siyasa kuwa sai zaɓe ya matso. Ba a sayar da mai, kowa da nasa yake zuwa.

Ban ga farkon filin ba, amma kunne ya girmi kaka. Lokacin babban yaƙin Turawa, Italiyawa na riƙe da Habasha, nan arewa da mu, sai sojojin Ingila suka sauka a rijiyoyinmu tare da wasu matuƙa 'yan Afirka ta Kudu da rana ta gasa suka yi jajir. Suka tara maza a share musu fili. Isako, uban Umuro, yana cikin waɗanda suka yi wata biyu suna kwashe duwatsu da hannu, ana sallamar su da sukari da ganyen shayi. Sau biyu jiragen Italiya suka zo suka saki bom. Na farko jakai huɗu ya kashe, na biyu ya haƙa mana ramin da ruwa ke taruwa a ciki in an yi sa'ar damina, har tsofaffi na cewa shi ne kaɗai alherin da yaƙin ya bar mana. Gangunan mai da aka cika da duwatsu a kusurwa huɗu suna nan, tsatsa ta ci su amma ba su faɗi ba.

Ƙasarmu mayaudariya ce. Bayan ruwa sai samanta ya bushe ya yi ɓawon gishiri, ƙarƙashi kuwa taɓo ne, ido ba ya ganewa. Saboda haka kowace safiya sojojin kan tuƙa mota daga wannan kai zuwa wancan. In taya ba ta nutse ba, sai su shimfiɗa farin ƙyalle a bakin fili su danne da duwatsu, alamar a sauka. Da yaƙi ya ƙare suka tafi da motarsu, suka bar wa Isako ƙyallen da aikin. Shi kuwa ba shi da taya sai diddige. Sai ya riƙa cire takalmi yana taka filin, zuwa ta gefe ɗaya, dawowa ta ɗaya gefen, yana danna diddige yana tsince duk abin da zai fasa tayar jirgi. Haka ya koya wa ɗansa, haka Umuro ya gada. Har yau, duk da wayar hannu ta zo, matuƙi sai ya kewaya sau ɗaya ya ga farin ƙyalle kafin ya sauko.

Umuro dogo ne, ba shi da yawan magana, amma in ya yi ɗaya sai ka kwana kana juya ta. Bai taɓa ɗaga sanda ga raƙumin wani ba. In garke ya hau fili, magana yake musu har su sauka, sannan ya duba shaidar da ke wuyansu, da yamma ya je bakin rijiya ya tambayi mai su a gaban jama'a ko raƙumansa Nairobi za su, a tanadar musu kujera. Matarsa Gumato gajeriya ce mai kaifin baki, ita ke ɗinke jakar iska duk lokacin da ta yage. 'Yarsu ɗaya, Talaso, tana aure a Marsabit. Shi da Gumato kullum cikin faɗa suke, a kan sukari, a kan taba, a kan wanda ya bar ƙofar garke a buɗe, amma ban taɓa ganin ɗaya ya sha shayi ɗaya bai zauna ba.

Shekara shida kafin abin da zan faɗa, idon Umuro ya fara tafiya. Ni na fara lura, don ya miƙa hannu ga kofi ya kama iska. Gumato ba ta yarda likitocin ran Talata sun duba shi ba, kada magana ta kai ofis. Ta sa shi a bayan babbar mota suka tafi Marsabit da sunan ganin jika. Can aka ce ba irin ciwon idon da ake yi wa aiki ba ne, sai haƙuri.

Da suka dawo ta same ni ina wanke kofuna, ta tsuguna ta kama zanena. Ta ce uban Umuro wata ɗaya ya yi a duniya bayan ƙafa ta hana shi taka fili, ɗan kuma halinsu ɗaya. In aka karɓe filin nan, ta ce, kabari kawai za a haƙa. Ta sa na rantse ba zan faɗa ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, na rantse, ko da yake bakina bai saba da kulle ba.

Tun daga ranar, in Umuro ya cire takalmi ya hau fili da sassafe, sai Gumato ta ɗauki kwando ta ce za ta je tsintar kashin raƙumi na hura wuta. Shi ba ya bukatar jagora, ƙafarsa ta san kowace tsakuwa. Amma ƙafa abin da ta taka kawai take sani. Guntun waya da ke tsakiya, ƙashin da kura ta yar, ɗan akuyar da ya kwanta ya yi shiru, duk ita ke bi tana kwashewa. In ya yi zuwa da dawowa, ita sai ta yi ta ratsa filin a karkace, tafiyarta ta ninka tasa. In ta gama sai ta yi tari sau biyu, shi kuma ya shimfiɗa ƙyalle. Duk garin ya sani, babu wanda ya ce uffan. Ni dai abin na ba ni tausayi, wani lokaci ya ba ni haushi, don ina ganin gwiwoyinta na kumbura tana ɗaure su da tsumma.

Sai ga saƙo daga Marsabit: za a turo jami'i ya duba masu kula da ƙananan filaye, wanda ya cancanta a sabunta masa shekara biyar. Gumato ta tashi tsaye kamar za a yi biki. Ta shafe duwatsu da farar ƙasa, ta ɗinka sabuwar jakar iska, ta wanke ƙyalle. Ni aikina shi ne in tsaya bayan baƙon ina buga cokali a kofi, don Umuro ya san inda zai juya fuska. Umuro ya saurari duk shirinmu, sai da muka gama ya ce an ce bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, ashe filin jirgi ne wurin. Gumato ta ce ya rufa mata baki.

Baƙon, Malam Mutiso, mutumin kudu ne mai ƙiba da fara'a, zufa na ta zuba masa. Suka taka fili tare. Ya tambayi tsawonsa, Umuro ya faɗa. Ya tambayi inda iska ta dosa, Umuro ya nuna da haɓa, ai a kumatu yake jin ta. A wani wuri ya tsaya ya danna diddige ya ce nan in an yi ruwa kwana huɗu yake kafin ya ɗauki jirgi. Malam Mutiso ya yi ta rubutu yana jinjina kai, ya ce ya zaga filaye tara bai ga mai tsabtar wannan ba. Muka dawo rumfa, ya fito da takarda da tawadar dangwale. Na dubi Gumato, na ga tana murmushi tana share ido da bakin mayafi.

Umuro bai miƙa yatsa ba. Ya ce in zuba wa baƙo shayi tukuna. Da na zuba, sai ya juya fuska daidai inda mutumin yake, ba tare da na buga cokali ba.

"Ɗana, mayar da takardarka. Shekara shida rabona da ganin filin nan. Kai ma ban san ko fari ne kai ko baƙi ba, na dai ji benci ya yi kuka da ka zauna."

Babu wanda ya yi dariya. Gumato ta miƙe da ƙyar.

"Baban Talaso, rana ce ta buge ka? Ranka ya daɗe, kada ka saurare shi, tsufa ne."

"Zauna, uwar Talaso," in ji shi. "Tsabtar da ya yaba, taki ce. Kina tsammanin ban san kashin raƙumin da kike tsinta ba? Wane gida ne ke cin kwando guda kullum?"

"To ina ruwanka? Na yi maka ƙorafi?"

"Ba ki yi ba, ƙasa ce ta yi. In na juyo ina taka sawunki. Da, ƙafa biyu nake ji. Bara na fara jin ta hagu tana ja, tana barin layi a tsakuwa. Bana kuma ina tarar da gurbin da kika zauna. Shekaranjiya biyar na ƙirga."

Gumato ta ce a fili, a gaban baƙo, abin da ta daɗe tana ɓoyewa: in ya bar filin nan mutuwa zai yi kamar ubansa, ita kuma ba ta shirya zaman takaba ba.

"Babana ba fili ne ya kashe shi ba," in ji Umuro a hankali. "Ya koma gida ne ya tarar babu kowa, innata ta riga shi. Shekara biyar ɗin da ke cikin takardar nan, da gwiwarki za a biya su. Ni ba na so."

Na juya na hau gyara murhun da babu abin da ya same shi, don hawaye ya ci ƙarfina. Malam Mutiso ya daɗe yana kallon takardarsa, sannan ya ninke ta. Mutumin kirki ne. Ya rubuta cewa tsoho ya ajiye aiki da kansa, ya tambaye shi wa ya ga ya dace. Umuro ya ce Adano, ɗan ƙanensa, magidanci mai 'ya'ya uku, in dai zai yarda ya cire takalmi.

Kwana tara Gumato ba ta yi masa magana ba. Tana dafa masa abinci ta dire a gabansa da ƙarfi yadda zai ji. Ni ma ta haɗa da ni, wai na san da shirin, alhali wallahi ban sani ba. Kullum tana zuba ido ta ga ranar da zai kwanta.

Bai kwanta ba. Yau shekara biyu ke nan, har ya yi 'yar ƙiba. Da hantsi sukan zo rumfata, tana riƙe da kan sandarsa, shi kuma yana rage tafiya don ita. In sun zauna sai ya fito da ɗan gwangwani na kitsen tozon raƙumi, ya ɗora ƙafarta a cinyarsa, ya hau murza mata gwiwa. A garinmu, inda namiji ko hannun matarsa ba ya kamawa a waje! Ranar farko benci cike yake da masu jiran jirgin likitoci, har da surukai. Gumato ta yi ta fizge ƙafa tana cewa ya ji tsoron Allah, mutane na kallo.

"Bar su su kalla," in ji shi, bai saki ƙafar ba. "Ni ai ba na ganin su."