Mai Facin da Ke Riga Hadari Hawa Tudu

Damina ta ɗauke bana ba tare da ruwa ya shiga ɗaki ko ɗaya a layin gangare ba. Ba a ga katifa shanye a kan katanga ba, babu kuma wanda ya kwashe iyalinsa ya kai ajin firamare. Mutumin da ya fi kowa hannu a wannan wani dattijo ne mai facin taya, wanda rumfarsa ke bisa kwalbatin bakin titi. A makon jiya likita ya ce masa ya ajiye baro da shebur, domin gwiwarsa ta dama ta ƙi.

Kullum da safe Baba Mai Faci yakan cika bahon gwajin tayoyi da ruwa, ya jera guduma da gam da ƙarfen ɓalle taya. Amma kafin ya taɓa aikin kowa, sai ya dafa gefen kwalbatin ya leƙa ƙasa. Unguwar a kan tudu take, kuma duk kwatocin layukan sama a wannan rami suke haɗuwa. In ya toshe, ruwa ya juya ya bi layin gangare, inda haya ta fi sauƙi, inda masu wanki da guga da 'yan dako ke zaune.

Mutanen sama suna da wata ɗabi'a. Da zarar an fara yayyafi, sai kowane gida ya fito da bokitin shara ya juye a kwata, wai ruwa zai tafi da ita. Ba mugunta ba ce. Motar shara ba ta iya shiga lungunan, haka kuma suka ga iyayensu suna yi. Sai dai sharar iyayen toka ce da ganye, ruwan kuma a hankali yake sauka. Ta yanzu leda ce da robobi, ruwan da a da ake yi a mako kuwa yakan sauko da yammaci ɗaya.

Shekarar da ruwa ya ci bangon ɗakin Inna mai kitso, wata tsohuwa da ke ƙarshen layin gangare, Baba ne ya shiga ramin ya zaƙulo abin da ya toshe shi. A ciki akwai tulin ƙyallayen atamfa da shadda. Tela ɗaya ne a layin sama. Baba ya wanke ƙyallayen, ya shanya, ya linke su tsaf, ya hau tudu da su.

"Maigida, ga kayanka na tsinto," in ji shi.

Tela ya ɗaga ƙafa daga keke. "Wane kaya? Baba, wannan ai shara ce."

"Ashe? Na gan su har ƙarƙashin gadon Inna mai kitso, na ce ko aike ka yi mata."

Telan da kansa ya ba da wannan labari. Ya ce da Baba zaginsa ya yi, da ya sami abin ramawa. Washegari ya rataye buhun zuba ƙyallaye a ƙofar shago.

Daga nan Baba ya sake dabara. Ya ga cewa yashe rami bayan ruwa bin baya ne kawai, don haka ya koma riga ruwan. Da ya ga gabas ta yi duhu, sai ya ja ƙofar rumfa, ya tura baro sama yana kira, "Shara kafin ruwa!" Gida-gida yake bi, ya cika baro, ya kai bola a bakin titi inda mota ke iya tsayawa, ya sake hawa. Direbobi da dama sun tarar da rumfa a rufe, taya kwance, sun tafi wajen wani suna ƙunƙuni.

Matarsa ba ta ɓoye nata ra'ayin. "Kowa ya ga hadari gida yake nufa, nawa mijin tudu yake hawa," in ji ta. "Mai faci na aura, na wayi gari da mai shara." Ita ce kuma mai dafa ruwan da ake gasa masa gwiwa idan ya dawo, tana yi tana mita.

Ba kowa ya karɓe shi ba. Wata mai gidan bene ta leƙo ta tambaye shi ko hukuma ce ta aiko shi.

"A'a, Hajiya, maƙwabtanki na ƙasa ne. Sun ce a gaishe ki."

Ta rufe taga. A damina ta gaba, bokitinta ne farkon wanda yake tararwa a ƙofa.

A hankali aikin ya zama na unguwa. Tsofaffin tayoyin da a da ake ƙonawa a bayan rumfa, Baba ya ɗora su bisa juna a bakin kowane lungu, suka zama mazubin shara. Wasu ya cika da ƙasa ya jera a gaɓar kwata, matan gangare suka dasa itatuwa a ciki don ƙasa ta daina zaizayewa. Masu babur ɗin haya suka fara kama masa turin baro.

Baba, kai ne wanda ka hau tudu ba takarda a hannunka, ba albashi, ka sa na sama ya tuna akwai mai kwana a ƙasansa. Kai ne ba ka taɓa kiran sunan mai laifi a bainar jama'a ba, ka bar kowa da mutuncinsa har ya gyara da kansa. Mai riga hadari, sannu da aiki. Allah Ya ba gwiwa lafiya, Ya saka maka da alheri. Unguwannin da ke da tudu da gangare suna da yawa, kuma abin da ka yi bai fi ƙarfin mai baro ɗaya da maƙwabta masu kunya ba. Duk mai karanta wannan ya fita ya duba inda kwatar gidansa ke ƙarewa.

Saura aiki ɗaya da bai raba da kowa ba, wato shiga cikin ramin. Ko an kwashe shara duka, yashi yana gangarowa ya taru, kuma sai mutum ya shiga a durƙushe, cikin ɗoyi da fasassun kwalabe, ya yashe shi. Wannan ne ya cinye gwiwar.

Ranar da mutanen unguwa suka taru a rumfarsa don yi masa godiya, tela ya karɓi baro, masu babur suka raba lunguna a tsakaninsu. Sai matar Baba ta ce, "To, ramin fa?"

Wani ya ce yana da ciwon baya. Wani ya ce a kai maganar ga hukuma, aka tuna masa an sha kaiwa.

Inna mai kitso ta dogara sanda ta miƙe. "Ku ba ni shebur ɗin. Ɗakina ne a bakin ruwa."

"Inna, don Allah zauna," in ji Baba. "In kika shiga sai na bi ki, mu biyu za a zo cirowa."

Aka yi dariya, aka yi addu'a, aka watse. Har zuwa rubuta wannan, yashin da ruwan ƙarshe ya gangaro da shi ya cike kusan rabin ramin, kuma babu wanda ya ce zai shiga.