Jan Biro da Miyar Surukarsa

A kamfanin kai wa mutane abinci da nake aiki a birnin Daegu, babu mai kiran Pyo Dal-su da sunansa in ya juya baya. Jan Biro muke ce masa. Shekara da shekaru teburina na manne da nasa, don haka labarinsa ba a bakin wani na ji ba.

Da farko malanta ya so yi, ya koyar da harshenmu a makaranta. Jarrabawar ɗaukar malamai ta yi ta kayar da shi har ya haƙura ya koma koyon sarrafa kwamfuta. Sai dai malantar ba ta fita daga jikinsa ba, a kanmu ta juye. Ka aika masa saƙo cewa mahaifinka na kwance a asibiti, zai ce maka sannu, sannan ya ƙara da cewa ka haɗe kalmomi biyu da ya kamata ka raba. Matarsa Seon-hwa ta daina rubuta masa saƙo tun suna amarci. Kira kawai take yi.

Wata rana shugabar sashenmu, Ok Hye-ran, ta tara mu. Ta ce masu jin yunwa na rubuta sunan abinci a gurguje, harafi ya goce musu, manhajarmu ta ce babu wannan abinci, su kuma su tafi wani kamfani. Tana son a gina abin da zai riƙa tambayarsu, "Ko kana nufin kaza?" Kafin ta rufe baki Jan Biro ya miƙe. Ƙasa guda za a ba shi ya gyara wa rubutu, kuma a biya shi albashi!

Aikin ba shi da wani sirri. Duk kalmomin da masu gidajen abinci suka rubuta a shafukansu suna nan a rumbu guda, kowace da yawan fitowarta. In mutum ya rubuta kalma, na'ura ta duba maƙwabtanta masu bambancin harafi ɗaya ko biyu, ta miƙo wadda ta fi yawa a rumbun. Ba ta taɓa buɗe ƙamus ba. Inda jama'a suka fi yawa, nan take bi, kamar ɗan siyasa.

Ranar gwaji maigidan kamfani da kansa ya zauna a gaba. Jan Biro ya sha kwat, ya tsaya gaban babban allo, ya fara da rubuta shirme da gangan, na'ura na gyarawa. Aka tafa masa. Kai ya kumbura.

"Yanzu ku ga yadda take gane mai ilimi," in ji shi.

Ya rubuta *jjigae*, miyar nan da ke zuwa tana tafasa a tukunyar ƙasa, da kimchi, wato kabeji mai tsami, da awara. Daidai ya rubuta, yadda ƙamus ya ce. Allo ya ɗan yi jim, sai ya fito da tambaya cikin ladabi: "Ko kana nufin *jjige*?"

Ɗakin ya fashe da dariya. Wasulan biyu kunne ba ya raba su, kuma yawancin tsofaffin da ke dafa miyar a unguwanninmu da na biyun suke rubutawa. Na'urar ta ƙirga kawunansu, ta ga sun fi Jan Biro yawa, ta gyara masa.

"Malam Pyo, ɗalibarka ta saka maka jan biro," in ji shugaba Ok tana share hawaye.

Bai yi dariya ba. Da muka fita cin abinci ya ce da ni, "Wannan ba kuskuren na'ura ba ne, ƙasar ce ta lalace."

Na ce, "Yaya, mai yunwa miya yake nema, ba satifiket ba. Ka bar ta ta nuna duka biyun."

"In nuna kuskure da hannuna?"

Ranar Juma'a, ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya shiga cikin aikin ya sa doka: duk wanda ya rubuta *jjige*, a mayar masa *jjigae* shiru, a nuna masa gidajen da suka rubuta daidai kaɗai. Ya tafi hutun ƙarshen mako da sanyin zuciya, kamar wanda ya gina rijiya. Abin da bai tsaya ya yi tunani ba shi ne, duk gidan da ya rubuta da ɗaya wasalin ya ɓace daga idon masu nema, kamar an rufe shi.

Litinin wayoyin ofis suka ɗauki kuka. Ana cikin wannan, ƙofa ta buɗe, wata tsohuwa gajera ta shigo da rigar girki a jikinta, rungume da tukunya. Bang Sun-ja ce, mai gidan miya a bakin kasuwa tun kafin a haifi rabinmu. Ita ce kuma mahaifiyar Seon-hwa.

Ta dire tukunyar a kan teburinsa.

"Mijin 'yata, ga miya. Tun Asabar ba wanda ya saya, sai ka shanye."

Ya miƙe ya rusuna har goshi ya kusa taɓa teburi. "Inna, ai da kin kira ni."

"Na kira 'yata. Ta ce in zo in tambayi mai ilimin gidan. Me ka yi wa shagona?"

"Inna, harafi ɗaya ne. In kika gyara shi a shafinki, yanzun nan za ki dawo."

"Harafin nan ne ya biya wa matarka kuɗin makaranta. Ranar da ka zo neman aurenta kwano uku ka sha a ƙarƙashin allon shagon da ke ɗauke da shi, ban ji ya maƙale maka a wuya ba."

Shugaba Ok ta sa shi ya cire dokar nan take, tsohuwar na tsaye a kansa. Daga ranar manhajar ke nuna rubutun biyu tare. Miyar kuwa mu muka shanye, shi ko cokali bai ɗauka ba.

Ba a kore shi ba, amma an ɗauke shi daga sashen bincike aka kai shi inda ake lura da taswirar 'yan babur masu kai abinci, wurin da babu kalma ko ɗaya sai ɗigo masu yawo. Bai cika shekara ba ya ajiye aikin. Ƙafar surukarsa ta fara ciwo, Seon-hwa ta karɓi girki, shi kuma ya koma karɓar baƙi a bakin ƙofa.

Bazarar da ta wuce tsohuwar ta tafi ƙauye ganin ƙanwarta. Jan Biro ya ga dama ta samu, ya kira mai rubuta allo, aka sauke tsohon allon shagon aka ɗora sabo fes, da wasali na gaskiya. Tsofaffin 'yan kasuwa suka zo, suka ɗaga kai, suka ce ai an sayar da shagon, suka wuce gaba.

Na je cin abinci ranar da ta dawo. A kan tsani na same shi, yana mayar da tsohon allon, ita kuma tana zaune ƙasa a kujera riƙe da sandarta, maƙwabta sun kewaye.

"Ya karkace ta hagu, Malam," in ji ta. "Ɗaga. Kai da ba ka son kuskure."

Ya ɗaga.