Mujtaba Bai Taɓa Tuƙa Jirgi Ba

Na koyar da labarin ƙasa shekara talatin da ɗaya a Tambuwal, ina cire wa yara maki idan suka kira tabki kogi. Amma shekara goma sha biyu na bar mutanen garinmu Kebbe suna kiran ɗana Mujtaba matuƙin jirgi ban gyara musu ba.

Abin ya faro ne a majalisar Alhaji Ɗangiwa, abokina tun firamare, makon da aka ɗauki Mujtaba sojan sama.

"Ke nan jirgi za shi tuƙi, Malam?" in ji Ɗangiwa.

Na ce, "To, da jirage dai zai yi aiki."

Ban yi ƙarya ba. Na dai gyara zaman hula na yi shiru. Daga ranar, duk jirgin da ya gilma saman Kebbe sai a ɗaga kai a ce, "Ga na Malam can."

Aikin Mujtaba a hasumiyar filin jirgi yake. Yana zaune bayan gilashi da rediyo a kunne, yana gaya wa matuƙa wanda zai sauka, wanda zai jira, da tsayin da kowa zai riƙe. Shi kansa ko mota ba ta karɓe shi ba. Tsakanin Tambuwal da Kebbe sai an tsaya masa sau biyu ya yi amai.

Yakan ba da labarin kwas ɗinsu yana dariya. Ya ce a watan farko, a ɗakin gwaji, ya haɗa jirage biyu na wasa karo, malaminsu ya sa shi ya miƙe ya yi wa ajin ta'aziyyar fasinjojin. A nan ya koyi ƙa'idar da ta bi shi har gida: duk umarnin da aka bai wa matuƙi, sai ya maimaita shi kalma da kalma. Idan bai maimaita ba, ba a ɗauka ya ji ba.

Mahaifiyarsa Husaina ta fi kowa shan wannan.

"Inna, ƙwaya biyu da safe, ɗaya bayan la'asar. Maimaita."

"Kai, tafi can! Ni jirgi ce?"

"Jirgi ya fi ki jin magana, Inna."

Sai ta jefe shi da mafici, sannan ta maimaita.

Ni kuwa idan ya zo hutu sai in ja shi gefe tun kafin mu isa majalisa. "In an tambaye ka, kar ka tsawaita bayani." Yakan ce, "To, Baba." Sau ɗaya kawai ya ƙara da cewa, "Aikin nawa kunya yake ba ka?" Na ce yaro ba ya yi wa uba irin wannan tambayar. Amsata ke nan, ni mai digiri.

Bara ciwon hanta ya kwantar da shi, yana da shekara talatin da huɗu. Wata safiya a asibiti ina ɓare masa lemo, ya ce, "Baba, ka gaya wa mutanen majalisa aikin da nake yi."

Na ce, "To."

"To ba amsa ba ce. Maimaita."

Na ajiye wuƙar. "Zan gaya musu kai ba matuƙi ba ne. A hasumiya kake, kana raba jirage kada su yi karo."

"Daidai," in ji shi. Bayan kwana huɗu ya rasu.

Ranar sadakar uku aka cika ƙofar gidana, har da abokan aikinsa biyu cikin kaki. Bayan an shafa addu'a, wani dattijo daga Fakku ya ce, "Allah shi jiƙan matuƙinmu." Aka amsa. Da na yi shiru, da maganar ta tafi a haka har abada, kuma shiru na iya shi.

Na ce, "Jama'a, Mujtaba bai taɓa tuƙa jirgi ba. Ni na bari kuka ɗauka haka."

Na yi musu bayanin hasumiya da rediyo, da tsayi da tazara, kamar ina gaban allo. Ba wanda ya yi mamaki sai dattijon Fakku.

Ɗangiwa ya taɓa gwiwata. "Malam, ai mun daɗe da sani. Mutumin da ka amai bisa babur, wane jirgi za a ba shi? Tun hutunai na farko muka tambaye shi. Shi ya roƙe mu mu ƙyale ka, wai kai za ka faɗi da bakinka."

Shekara goma sha biyu ke nan suna ɗaga kai sama don kada in ji kunya.

Na ce, "To, faɗi aikin nasa in ji."

"Haba Malam, mun ji mana."

"Maimaita, Alhaji."

Ya dube ni, ya dubi masu kakin, ya gyara zama. "Shina cikin hasumiya, shina raba jirage kar su yi karo."

Ɗaya daga cikin sojojin ya sunkuyar da kai. A hankali ya ce, "Daidai."