Shekarar da Malam Ya Ɗage Buzun Baba Kyari

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana raye ma ban taɓa faɗa ba. Malam nake ce masa, haka kuma duk Fagge take kiransa. Shi ne hedimastan wata 'yar makarantar elemantare da ke bayan gidanmu, tun kafin a sami mulkin kai. Duk shekara in sanyi ya shigo sai ya faɗo mini a rai, kuma gaskiya ba kullum da murmushi nake tuna shi ba. Wani lokaci tsaki nake yi ni kaɗai a ɗaki, har jikokina su leƙo su ce, "Hajiya, ke da wa kuma?"

Ni ban taɓa sa ƙafa a makarantar nan ba, amma babu abin da ake yi a cikinta da ban sani ba. Bangon ɗakina ne ya raba mu da filinta, akwai kuma 'yar taga can sama. Ina jin ƙarfen da ake bugawa da safe, ina jin haddar lissafi, ina jin wanda aka zane da wanda ya fara ihu tun bulala ba ta sauka ba. In sanyi ya zo kuwa, tari nake ji. Wanda ya gina azuzuwan nan ban san me yara suka yi masa ba: ƙasa siminti, sama kwano, tagogi wangale ba marufi, kuma rana ba ta leƙa ciki sai ta kusa tsakiya. Wace uwa ce za ta yi wa ɗanta wanka da asuba ta tura shi ya zauna a kan siminti? Matan unguwa sai su riƙe yaransu a gindin murhu har rana ta ɗaga, wasu ma daga nan shi ke nan, sai gobe.

A wannan shekarar da nake ba ku labari, mai duba makarantu na En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin, ya zo ya tarar da aji fayau. Ya ce in ya dawo ya sake ganin haka, za a haɗe makarantar da wata, a ɗauke Malam a kai shi wani gari. Malam ya faɗa mini yana cin tuwo, kamar mai ba da labarin farashin gero. Ni kuwa na ture kwanona gefe. A Fagge aka haife ni, kakanninmu tun da suka zo daga Barno a nan suka zauna. Innata tana gida na biyu daga namu, ta tsufa, idonta ya fara tafiya, ni ke aika mata abinci, ni ke yi mata kitso. Kasuwar Sabon Gari ma a wurina balaguro ce, balle a ce wani gari.

Mun yi iyakar ƙoƙarinmu ta ɓangaren mata. Akwai Rifkatu, matar mataimakin Malam, mutanen Zariya ne da ke zaune a Sabon Gari, ita ke koya wa 'yan mata saƙa a makarantar. Ta riƙa shigowa wurina da tsofaffin rigunan sanyi na gwanjo, mu warware ulun mu saƙa wa yara huluna da 'yan riguna. Rigar farko da na saƙa, Rifkatu ta ɗaga ta ta duba ta ce, "'Yar'uwa, wannan sai mu jira Allah ya kawo yaro mai hannu ɗaya dogo." Amma hula ba ta ɗuma siminti. Yara dai ba su zo ba.

Sai Malam ya yi dabara, kuma dabarar ba laifi. Ya ce tunda rana ta ƙi shiga aji, aji zai fita wurin rana. Inda hantsi ke fara sauka a filin nan kuwa wuri ɗaya ne, dakalin da ke jingine da bangon ɗakina. To dakalin nan yana da masu shi. Dattawan unguwa ne ke shan hantsi a kai tun ban zo duniya ba, babbansu Baba Kyari, tsohon falke wanda ya daina tafiya. Kowa da gurbinsa. Bayan sallar asuba sukan shimfiɗa buzayensu su shiga gida karyawa, su fito su tarar rana ta ɗuma musu.

Wani mai hankali da sai ya je ya durƙusa ya nemi alfarma. Malam kuwa, mutumin da ya yi karatu har ya iya gyara wa Bature lissafi, sai ya sa aka naɗe buzayen nan aka jera su a kan katanga, ya zaunar da yara a dakalin. Buzun dattijo. Ko ɗan da mutum ya haifa ba ya taɓa shi sai an ce ya ɗauko.

Ina ɗaki na ji takun sandunansu, sai na ji tsit. Can wani ya ce, "Kyari, buzunka ya yi tafiya."

Baba Kyari ya ce, "Na gani. Ashe shi ma an sa shi a makaranta."

"To tunda buzu ya shiga, ai jikoki sai su huta."

Suka kwashi kayansu suka tafi. Washegari aka buga ƙarfe, ko tarin nan ban ji ba. Kusan duk yaran makarantar jikokinsu ne.

Na ce, "Malam, ka je ka ba su haƙuri."

Ya ce, "Filin En'e ne. Dakalin yana ciki, na auna."

"Buzun ma na En'e ne?"

Ya ja rediyonsa ya kunna. Haka yake, in ba shi da amsa sai ya nemi labaran duniya. Aka yi kwanaki ana haka, lambun makaranta da yara suka shuka latas da karas ya fara yaushi ba mai ban ruwa, wasan ƙarshen zango da ake ta shiri ya tsaya. Ni kuwa na fara kallon tukwanena ina tunanin wadda za ta jure tafiyar mota. Ban sake yi masa maganar ba. Amma na daina sa masa yaji a miya, kuma ya san dalili.

Wata safiya dattawan sun dawo dakalinsu, tunda ba kowa a kai, sai na ji muryar Malam yana sallama. Rifkatu da ke tsaye a ƙofar aji ce ta ba ni labarin abin da kunne ba ya gani. Ta ce ya cire takalmi tun daga nesa, ya zauna a ƙasa a gefen da rana ba ta kai ba, daga shi sai 'yar shara, ko kwat ɗinsa bai sa ba. Suka amsa gaisuwarsa ɗaya bayan ɗaya, cikin mutunci, sannan suka koma hirarsu. A wurinmu wanda ya zo ban haƙuri ba ya buɗe magana sai babba ya ba shi ƙofa. Suka yi maganar goro, suka yi ta jakin wani da ya ɓata, suka koma kan wata kanwa da aka kawo tun zamanin da. Mutumin da ba ya iya jiran ruwan shayi ya tafasa, ga shi zaune a inuwa yana atishawa. Ina ta wannan gefen bangon, kamar in leƙa ta taga in ce ya isa haka.

Da Baba Kyari ya ga dama ya ce, "Malam, ko kana jiran wani ne?"

"Ku nake jira, Baba. Na yi kuskure."

Sai tsohon ya ce, "Matso cikin rana. Kada ka mace mana a nan a ce mun kashe wa En'e ma'aikaci."

A nan aka sasanta: dakali na dattawa ne, ƙasan gabansa kuma yara su shimfiɗa tabarmi. Iyaye mata suka saki 'ya'yansu, don kowane yaro bayan kakansa yake fitowa, kuma wa zai maƙale a gida alhali kaka na duba wanda bai zo ba? Mai duba makarantu ya dawo ya tarar da fili cike, ya koma. Malam ya yi mako yana tari, ina dafa masa citta da kanumfari ina faɗa. Daga nan kuma duk sanyi sai ya shigo gida yana ƙorafi wai hedimastoci sun yi wa makarantarsa yawa. Wannan ya ce karatun ya yi ƙara, wancan ya aiki ɗalibi sayen goro ana tsakiyar darasi, Baba Kyari kuma ya yi minshari daidai lokacin haddar lissafi.

Yau babu dakalin. Shagunan atamfa sun cinye filin, benaye sun tare gabas, hantsi ba ya shigo mana sai ya tsufa. Jikokina rigunan sanyinsu har da tambarin makaranta, adaidaita sahu ke kwasarsu daga ƙofar gida, kuma in sanyi ya ɗan yi yawa sai ka ji an turo saƙo ta waya wai an ɗaga lokacin shiga aji. Nakan ce da Malam zai ga wannan me zai ce? Na san shi. Zai yi tsaki, ya ɗaga kai ya ga inda rana ke sauka, ya kwashi yaran mutane ya haye saman benen wani Alhaji ba tare da ya tambaya ba.

Na sha tambayarsa abin da ya sa ya sauko ya je ya zauna a ƙasa ranar nan, shi da taurin kansa. Kullum amsa ɗaya: "Saboda yara." Sai a zaman makokinsa Rifkatu ta zo daga Zariya, ita ma ta yi furfura, muna hira ta ce, "Ke ba ki sani ba? Ai wurin da za a kai shi babbar makaranta ce, da ƙarin girma da gidan gwamnati. Maigidana ya ce Malam ya daɗe yana burin irinta."

Makarantar an rushe an sake gini, ɗalibansa da yawa sun bi shi. Abin da ya rage nasa wanda nake iya nunawa shi ne ni ɗin nan, a Fagge, a ɗakin da ya kawo ni. Innata a hannuna ta cika. Ya bar ni shekaru ina kiransa mai taurin kai, ina hana shi yaji, bai taɓa buɗe baki ya ce don ni ya yi ba, balle in gode masa. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Amma in Allah ya haɗa mu, kafin gaisuwa sai ya amsa mini wannan.