Filastar Sista Ba-ni-in-gani

Shekara ashirin da shida ta yi a ɗakin mata na asibitin, ban kuma taɓa jin an kira sunanta na yanka ba. Sista Ba-ni-in-gani kowa ke ce mata, har likitoci, a bayan idonta. Gajeriya ce, da tabarau a karan hanci da agogo maƙale a ƙirjin riga. Ka ce mara lafiya ta sha magani, sai ta miƙo hannu a ba ta fankon. Likita ya rubuta allura, sai ta karanta sau biyu, ta ɗaga kwalbar a hasken taga kafin ta zuƙa. An ce marigayi mijinta ma in ya ce ya kulle ƙofa, sai ta tashi ta taɓa kwaɗon.

Hannunta kuwa sai dai a sara mata. Jijiyar da ta gagari mutum uku, ita da ɗan yatsa za ta lalubo ta, ta soka sau ɗaya.

Duk da haka ni ban yarda da ita ba. Amai da gudawa ne suka kwantar da Inna, ga tsohon ciwon zuciya. Sista ta sa mata ƙarin ruwa, ta tsaya da agogo tana ƙirga ɗigo, sannan ta naɗe 'yar tayar da ake murzawa a ƙara gudun ruwan da filasta, naɗi uku, tana kallona kamar ta kama ni da sata.

Matar gadon kusa da mu ta shanye leda biyu kafin rana ta take. Ta Inna ko rabi ba ta yi ba, ɗis, a jira, ɗis. Leɓenta duk ya bushe. Ƙanwar matar, wadda ke jinyarta, ta matso ta raɗa mini cewa ƙanen Sista yana da kemis a bakin titi, kuma ledojin da suka yi saura can suke tafiya. Na leƙa ƙarƙashin gado na ga sauran namu uku, na ce lallai biri ya yi kama da mutum.

"Sista, me ya sa namu ba ya gudu?"

"Haka aka rubuta."

"Amma na waccan baiwar Allah…"

"Waccan ba mahaifiyarki ba ce. Kar ki taɓa."

Iyakar bayanin ke nan. Da ta ƙara ko jimla ɗaya, wataƙila da na zauna lafiya, kuma wannan har yau ina jin haushinta a kansa. Tana fita raka wata ɗakin tiyata na ɓare filastar, na murza tayar har ƙarshe. Ruwa ya riƙa zuba kamar an kunna famfo, raina ya yi fari. Da ledar ta kusa ƙarewa na zauna na harɗe ƙafa ina jiran in ga da wace fuska za ta dawo.

Kafin ta dawo Inna ta fara tari. Daga tari sai numfashi ya koma gurnani, tana kama iska ba ta samu, kumfa a bakinta. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, na fita baranda ina kiran Sista.

Ba ta tambayi komai ba. Ta rufe ruwan, ta tayar da Inna zaune, ta sa mata iskar oksijin, ta aika a kira likita. Aka yi mata allurar da ke fitar da ruwa ta fitsari. Can na ji likitan yana cewa zuciyar ba ta iya ɗaukar ruwa da sauri, huhu ya cika. Awa biyu Sista na tsaye riƙe da tsintsiyar hannunta.

Da numfashi ya daidaita, ta tsinci filastar a ƙasa, ta ɗaga.

"Wa ya cire?"

Inna ta janye robar iskar daga fuskarta da ƙyar.

"Ni ce, Sista. Ƙishi ya dame ni."

Matar da kwana uku ba ta iya ɗaga kofi ba. Sista ta dubi hannuwanta, ta dubi tsayin ƙarfen da ledar ke rataye, ta dube ni. Sai ta ɗauki kujerata ta zagaya da ita ɗaya gefen gadon, nesa da ƙarfen.

"To, Mama, kar a sake."

Inna ta ƙara shekara huɗu a duniya. Ko sau ɗaya ba ta tayar da zancen ba, ni kuma na yi ta jiran ranar da zan iya ce mata ta yafe mini, har aka fita da ita.