Ƙwayar da Ke Sa Shi Barci

A tashar motocin Jiratawa da ke Maradi, wata mata tana zaune bisa buhun albasa da jariri a cinya. Tafin hannunta ya yi kanta, irin na masu dashe a gonakin rani. Jaririn ko cibiya bai warke ba. Kukansa siriri ne mai tsini, ƙafafunsa na karkarwa, yana kama nono yana saki.

Da alama tun da cikinsa take haɗiyar ƙwayar tramol, don ciwon baya ya bar ta ta sunkuya aiki. Yaron ya saba da ƙwayar tun a ciki, yanzu kuma nemanta yake.

Ga mai tallar magani nan tafe da faranti a ka. A da irin wannan magani yana kulle a kabad ɗin likita, yau ga shi cikin rana kamar goro.

Wata tsohuwa da ke gefenta ta ce, "'Yar nan, kai shi asibiti. Wannan ba kukan yunwa ba ne."

"Inna, ai na san maganinsa. In na sha ɗaya na ba shi nono, sai barci."

Tsohuwar ta ja tsaki. Matar ta gyara wa yaron zane, ta ɗaga hannu ta kira mai farantin.